Turun da Na Buga a Ramin Rina

Litinin, 3 ga Yuni

Rina ta yi gida a bayan ɗaki. Ba a jikin bango ba, cikin ƙasa, daidai ƙafar bencin da mijina Kafinta ya kafa shekarar da muka tare a gidan nan. Ina shanya na ga suna shiga suna fita ta wani ɗan rami, bakinsa bai fi bakin kwalba ba. Da mijin nan nawa yana raye, da yanzu ya tsuguna yana yi mini bayaninsu kamar shi ya haife su. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Har yau in na ga sabon abu a gidan nan, bakina ke fara buɗewa in kira shi.

Laraba, 5 ga Yuni

Auta ta kira. "Mama, lafiya dai ko? Ba wata matsala?" Na ce lafiya lau.

To me zan ce? Tun ranar da na manta tukunya a kan wuta ta ƙone ƙurmus, jiran abu na biyu take yi. A gaban mijinta ta faɗa mini, wai in wani abu ya sake faruwa, kayana zan kwashe in koma wurinsu, ɗaki na nan an share. Ni da na goya ta! Gidan nan kowace ƙofa da taga hannun ubanta ne ya sa. Ba inda za ni. In ta ji zancen rina kuwa, shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Alhamis, 6 ga Yuni

Gwiwa ta hana ni sakat. Ko bayan ɗakin ban leƙa ba.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na yi maganinsu da kaina.

Kafinta in ya ga rami a jikin katako ba ya dogon tunani, ɗan turu yake feƙewa, ya shafa gam, ya buga. Yakan ce, "Rami ba a shawara da shi, toshe shi ake yi." Yau da sassafe na buɗe ɗakin aikinsa, karo na farko tun da ya tafi. Ƙamshin katako ya buge ni. Gwangwanin turakunsa yana nan inda ya bar shi. Na zaɓi mai kauri, na ɗauki gudumarsa. Sanyin safiya bai bar su sun fito ba tukuna. Bugu uku, ya shige tsaf, ko ɗaya ba ta taɓa ni ba.

Wallahi daɗi na ji. Wai ni ce ba zan iya riƙe gida ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Shiru kake ji. Har na zauna a bencin na tsefe kaina. Auta ta kira, gobe za su kawo mini jikata Takwara ta wuni. Na share tsakar gida sau biyu.

Litinin, 10 ga Yuni

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Takwara na zaune a matakalar ƙofar kicin da 'yan kofunanta na roba, tana tonon ƙasa da cokali. Shekararta huɗu, bakinta ya fi jikinta. Ta ce mini, "Kaka, shayi nake dafa miki, kar ki leƙo." Ban leƙa ba. Ina yanka albasa na ji ihu, irin wanda ban taɓa jin ya fito daga bakin yaro ba.

Daga ƙarƙashin matakalar suke fitowa. Daga ƙarƙashin matakalar, ba daga benci ba.

Ubanta ya sure ta yana kaɗe su da hularsa. Harbi bakwai, uku a wuya. Kafin mu kai titi fuskarta ta kumbura, idanun sun shige, numfashinta yana fita da ƙara. Ina bayan mota riƙe da takalminta ƙafa ɗaya, ba abin da nake iya faɗi sai Innalillahi.

Sun yi mata allura, numfashin ya dawo. Likita ya ce jikinta ba ya ɗaukar dafin, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban.

A barandar asibiti Auta ta kama hannuna, ita da ya kamata a rarrasa. "Daina kuka, Mama. Ta ina za ki sani?"

Ban ce mata na san da rinar ba. Allah Ya gani, ban faɗa ba.

Talata, 11 ga Yuni

An sallame ta. Ta waya ta ce mini, "Kaka, ƙudajen gidanki ba su da kirki." Na yi dariya, na kashe wayar, na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Alhamis, 13 ga Yuni

Auta ta zo da mai feshi. Dattijo ne, ya sa farin kaya har wuya da raga a fuska. Ya duba matakalar, ya ce wannan sabuwar ƙofa ce, tsohuwar yake nema. Ya bi ƙasa a hankali har gindin benci. Ina tsaye ina kallonsa.

Da filaya ya zaro turun. Ya ɗaga. "Wa ya toshe nan? Ai in aka rufe musu ƙofa, wata suke haƙawa, kuma a fusace suke fitowa."

Auta ta karɓi turun tana juya shi. A cikin ɓawon katako ta girma, ta san feƙen ubanta ko a duhu. Ta dube ni.

"Yaushe, Mama?"

Na ce Juma'a.

"Ranar Asabar na ce miki zan kawo ta."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ma ta yi mini ihu, da ma ta zage ni. Ta ajiye turun a bakin taga a hankali, ta je ta zauna a mota har mutumin ya gama busa hodarsa a ramukan biyu.

Juma'a, 14 ga Yuni

Mai feshin ya dawo haƙa. Ya ce sai an cire bencin. Ko ƙarfi bai sa ba, ƙafafun suka karye, ashe sun daɗe da ruɓewa a cikin ƙasa. Ni kuwa ina zama a kai ina cewa aikin Kafinta ba ya tsufa.

Gidan nasu ya kai kwanon wanki, hawa-hawa, kamar takarda mai ruwan toka. Duk sun mutu. Ya zuba a buhu, ya cike ramin, ya take da ƙafa. Ya ce, "Mama, yanzu ko jariri a kwantar a nan." Na ce na gode.

Wane jariri?

Litinin, 17 ga Yuni

Auta na kira kullum. Kin sha magani? Kin ci abinci? To sai anjima. In na ce ina Takwara, sai ta ce tana barci. Yau ƙarfe huɗu na yamma ma barci take.

Zancen komawa wurinsu kuwa, ko sau ɗaya ba ta sake tayarwa ba. Na ci nasara ke nan. Ga gida, ga ni, ba mai cewa in tashi. Na zagaya ɗakunan yau ɗaya bayan ɗaya, ban san me nake nema ba. Kewar yarinyar nan za ta kashe ni. Don kar a raba ni da bango da ƙofofi na kusa rasa ta.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ni na kira yau. Na tambayi Auta ko ɗakin nan nasu rana na shiga da safe, saboda gwiwata. Tambaya kawai na yi.  Ta ce rana tana shiga. Sai kuma ta ce, "Ga Takwara nan, tana son magana da ke."

Mai shagon bakin titi ya ba ni kwalaye. Na ce masa na tarkace ne. Biyu sun cika da zannuwana, ban san yadda aka yi ba.