Teburinki Ya Koma Hagu

Zuwa ga hasken gidana, inuwar da nake fakewa in rana ta yi zafi, ruwan randa mai jirana bayan wunin gareji, matata kuma aminiyata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, gaisuwar mai ƙishi ga rijiya. Kada layukan farkon nan su ba ki tsoro. Da hannun hagu na rubuta su, shi ya sa suka yi kama da sawun kaji a taɓo. Na so in kai ƙarshe a haka, sai na ga in na dage damina za ta wuce ban gama gaishe ki ba, dole na mayar da biron hannun dama.

Na kasa zama wuri ɗaya, tawa. Tun safiyar da kika faɗi a kicin, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, daga asibiti kuma Yaya, babbar 'yar'uwarki, ta wuce da ke gidanta don ya fi kusa da masu gashin ƙashi, ƙafata ba ta san hutu ba. In ina gareji hankalina yana gida. In na dawo gida sai falon ya yi mini yawa, in fita tsakar gida, in koma, in buɗe taga, in rufe. Shekaranjiya na ɗaure wa wani mutum taya, na kwance, na sake ɗaurewa, har ya ce, "Maigida, lafiya kuwa? Ko tayar ce ta yi maka laifi?" Me zan ce masa? In ce masa tsuntsuwar da ke tashe ni da waƙa ta yi shiru, shi ya sa noti ya daina jin maganata?

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne zuwan da na yi ran Lahadi. Na shigo na same ki a kujerar Yaya, kin yi kyau kamar wata a daren sha huɗu, amma kina ganina kika ja mayafi kika rufe hannun damanki. Ni kike ɓoye wa hannu? Hannun da na riƙe ranar aurenmu a gaban jama'ar Allah, hannun da ya dafa goshina duk lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni? Kika ce ba za ki dawo gida ba sai ya warke, alhali mun ji tare da kunnenmu likita yana cewa mai yiwuwa ba zai koma kamar dā ba. Sannan kika juya fuska bango kika ce, "Injiniya, ka kwashe kayan teburina ka ba matan zumunta. Me kuma zan rubuta wa Allah?" Ni da ke iya jin ciwon mota daga ƙarar inji, na rasa kalma ɗaya da zan ba matata. Haka na fito, ko sallama ban yi wa Yaya da kyau ba.

Ashe kin aika wa Mama, matar fasto. Ran Talata sai ga ta da buhu a hannu, tana ta ba ni haƙuri tun daga ƙofa. Na ba ta kujera, na kawo mata ruwa, muka gaisa. Da ta miƙe ta nufi teburinki, ban san lokacin da na sha gabanta ba. Na ce, "Mama, ki gafarce ni, mai kayan nan tana da rai." Ta dube ni, ta dubi buhun, sai ta naɗe shi ta cusa a jaka. Ta ce, "Ɗana, dama ƙafata ce ta zo, zuciyata ba ta biyo ni ba." Ta yi mana addu'a ta tafi. Don haka ki sani, ban bi umarninki ba. Ki yi fushi, na yarda, amma ki zo ki yi shi a nan inda zan gan ki.

Kin tuna yadda muka fara? Muna ajin nazari na matasa a coci, na zo daga wurin aiki ban wanke hannu sosai ba. Na roƙi aron biro, kika miƙo mini littafin ibadarki in dafa takardata a kai, ni kuwa na bar miki tambarin babban yatsana da baƙin mai a tsakiyar farin shafi. Kunya ta kama ni har na so ƙasa ta tsage. Ke ko ɗaga kai ba ki yi ba. Kika zaro fensir ruwan ɗorawa, kika zagaye dattin nan da ganye-ganye, sai ga fure ya tsiro daga yatsan bakanike. Kika ce, "Ka gani, ba ka ɓata komai ba." A ranar na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Tun da muka yi aure, kowace safiya ta Allah ina ganinki a teburin nan: ki karanta aya, ki yi shiru, sannan ki kwafe ta da hannunki mai kyau, ki kewaye ta da launi, ki liƙa busasshen ganye ko guntun ƙyalle, ki rubuta addu'arki a ƙasa. Wasu da murya suke yabon Ubangiji, ke da almakashi da gam kike yi. Yaya za a yi in zuba wannan a buhu?

Bayan tafiyar Mama na zauna a kujerarki na ƙura wa kayan ido. Ashe haka suke da yawa? Fensirori a gwangwanin madara, birori a kofin da hannunsa ya karye, burusai, kwalaben tawada, salatif mai zane-zane, sitika, zare, maɓallan tsofaffin riguna, furannin da kika danne a cikin jarida. Sai wani tunani ya zo mini. Na ɗauko igiya na ɗaure hannun damana a ƙugu, na ce bari in yi abin da kike yi kowace safiya da hagu kaɗai.

Kai, na sha wahala. Murfin gam ya ƙi buɗuwa sai da na sa haƙori. Kwalbar tawada ta yi ta juyawa a kan tebur tana yi mini dariya. Salatif ya naɗe mini a yatsu. Littafin da na buɗe don gwaji ya riƙa rufe kansa. Almakashinki kuwa tauna takarda yake yi a hannun hagu, ba ya yanka. Durowar ma tana dama, hasken taga kuma yana faɗowa ta inda hannun hagu zai yi wa rubutu inuwa. A nan na gane abin da kika hango daga kujerar Yaya, na kifa kai a teburin na daɗe ban ɗago ba.

Amma kin san mijinki, abin da ya ƙi tashi ba na barin sa a hanya. Na juya teburin gaba ɗaya, yanzu hasken safiya ta kafaɗar damanki zai sauko, ya kwanta a kan shafi ba tare da inuwa ba. Na ciro durowar na mayar da ita hagu. Na kafa katako a bango kamar wanda nake rataye sifanoni a gareji, na buga ƙusoshi, kowane abu da ƙusarsa: rula, almakashi, zare. Na yi yawo a kasuwa shago-shago har na samu almakashin bahago, mai shagon yana ta mamakin ƙaton mutum mai baƙin farce yana gwada yankan takarda. Na huda itace na dasa kwalaben tawada da na gam a ciki, ba za su ƙara juyawa ba, na sassauta musu murfi yadda yatsa biyu za su buɗe. Salatif ɗinki duk na zura su a sandar ƙarfe, da guntun zarto a gaba, ki ja ki yanke da hannu ɗaya. Maganaɗisun tsohuwar lasifikar mota yana riƙe allurai da ƙananan ƙarafa. Na wanke boris biyu, zobban ƙarfen nan masu nauyi na cikin ƙafar mota, da fetur da sabulu har suna ƙyalli, su za su danne miki shafi. Fensirorin kuma na yanka sabon tiyo na zura wa kowannensu, sun yi kauri, ba sa zamewa. Har hannun dama ma, in ya fara farfaɗowa, zai iya riƙe su.

Ina gama wannan sai in ga wancan bai yi ba. Na sauya wa gwangwanin burusai wuri har na gaji da kaina. In zauna, in miƙa hannu, in ga ya yi nisa, in tashi in cire ƙusa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Wai gida kake rushewa ne ko gini kake yi?" Na ce mata duka biyun.

Littattafanki da kika cika na jera su a kan kanta, na goge musu ƙura, ban buɗe ko ɗaya ba. Hirarki ce da Mahaliccinki, ba ni da kujera a wurin.

Yanzu ga amsar da na kasa ba ki ran Lahadi. Ni ba fasto ba ne, ilimina bai wuce cikin inji ba. Amma ina tambayarki, ya ke raɓar safiyata, kyawun rubutu ne ya sa Allah yake sauraronki duk shekarun nan? Uban da ɗansa ya kawo masa zane a karkace, yana mayar masa ya ce ya je ya gyara? In ba ki da abin faɗa masa sai fushi, ki rubuta fushin da jan fensir, ki danna har takardar ta huje. In hawaye ne, ki bar su su ɗiga, tawadar ta bazu. In layi ɗaya ne kawai hannunki zai iya ja daga wannan gefe zuwa wancan, ki ja shi. Wanda ya yi hannun dama shi ya yi na hagu, ba baƙo ba ne a wurinsa. Abin da nake tsoro ba mutuwar hannu ba ne, shirun da kika yi masa ne, da wanda kika yi mini.

Da na yi niyyar in bar maganar sai kin neme ni. Amma ɗazu da hantsi, ina kwance a ƙarƙashin wata mota, Yaya ta kira ni. Ta ce, "Ƙanina, kada ka ce ni na gaya maka. Ɗazu tana shan shayi ta tambaye ni, wai ko ka ba da har da ɗan siririn burushin nan nata." Na fito daga ƙarƙashin motar da sauri har na buga goshi, ga ƙulun nan ina shafawa. Na bar aikin, na wanke hannu, na taho gida da rana tsaka, ga ni a teburinki ina rubutu. Burushinki yana nan, farin cikina. Yana gwangwanin farko daga hagu, gashinsa a sama yadda kike so.

Ki dawo gida. Bishiyar da iska ta karya wa reshe ba ta barin gonarta ta koma wata gonar jinya, a inda saiwarta take a nan take toho. Zan riƙa kai ki gashin ƙashi da kaina, in jira ki a benci, in dawo da ke. Zan ɗaura miki ɗankwali, ko da zai fito kamar an ɗaure buhun gawayi, ki yi mini dariya in ji daɗi. Ran Asabar da safe zan zo da mota. Ba zan matsa miki ba. In kin ce ba ki shirya ba, zan gaishe da Yaya in juyo, wata Asabar ɗin in sake zuwa, har ƙofar gidan ta gaji da ganina.

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Na ware ja, na ware rawaya, na ware baƙi da ruwan ƙasa. Amma akwai wasu fensirori da na rasa ko shuɗi ne ko kore. Na kai su rana, na kai su inuwa, na sa su nan, na mayar da su can, kowane lokaci sai su canza mini fuska. Na haƙura na zuba su a kwano a tsakiyar tebur. Ba wanda zai iya raba su sai ke. Ki zo ki ce mini, "Injiniya, idonka giris kawai ya sani," ki sa hannu ki jera su.

Ni ne naki a lafiya da ciwo, jiya da yau da sauran kwanakin da Ubangiji ya ajiye mana, ba mai raba ni da ke sai Shi da ya haɗa mu,

Injiniyanki.