Na Ci Bayoloji, Amma Ban Taɓa Leƙa Madubin Gwaji Ba

Anti Zoraida, don Allah ki cece ni, rajista ta kusa rufewa kuma kaina ya kulle.

Ni 'yar kan dutse ce, daga cikin gonakin kofi. A watan Agusta zan fara jami'a a birnin Mayagüez, likitar dabbobi nake son zama. Na zauna jarrabawar nan ta matakin gaba, wadda in mutum ya ci ake yafe masa kwas ɗin farko a jami'a. Na ci Sifaniyanci da lissafi, bayoloji kuwa na samu maki mafi girma. Aka ce ina iya tsallakewa zuwa darasin ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, tare da 'yan shekara ta biyu.

Kowa murna yake, ban da ni. Tun da guguwa ta yaye rufin ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ba a gyara ba, kaji ne ma ke yini a ciki. Anti, ban taɓa ɗora idona a madubin ganin ƙwayoyin halitta ba. Duk abin da na sani Malama Quiñones ce ta zana mana da alli mai launi, har ranar Asabar a barandar gidanta, tana ba mu kofi da burodi. Bana za ta yi ritaya, kuma ni ce ɗalibarta ta farko da ta kai wannan maki. Bayan an tashi daga coci ta rungume ni tana kuka, tana gaya wa jama'a cewa ɗalibarta ta tsallake kwas.

In na koma kwas ɗin farko, kamar na ce aikinta bai isa ba ne. In na tsallake, ina tsoron ranar farko a miƙo mini madubi in rasa inda zan kama. Kunya nake ji ta kowane ɓangare.

Mai Fargaba

'Yata, kwantar da hankalinki. Makin nan guminki ne, kuma tsallakewa ba wauta ba ce: tana rage hanya, tana hana wanda ya riga ya iya zaman banza a aji. Amma littafi jarrabawar ta auna, ba ta auna hannu ba, aikin da kike so kuwa na hannu ne.

Karɓi yafewar Sifaniyanci da lissafi, zangonki na farko zai yi sauƙi. Game da bayoloji, je wurin mai ba ɗalibai shawara a sashenku ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Tambaye shi ko za a bar ki ki ɗauki aikin gwaji kaɗai, da kuma ko makarantun likitancin dabbobi da za ki nema daga baya na karɓar kwas ɗin da aka yafe, don ba duka ke karɓa ba. In ba a raba gwajin da darasin, ɗauki kwas ɗin gaba ɗaya. Kin riga kin san rabinsa, sai ki ba hannunki lokaci.

Malamarki kuwa, kina zaton ba ta sani ba? Matar da ta yi shekaru tana zana ƙwayar halitta da alli ta fi kowa sanin abin da ta kasa nuna muku. Ki hau barandar nan ki gaya mata da bakinki kafin ta ji a wurin wani. Ranar da kika fara ganin ƙwayoyin fatar albasa ta madubi, ɗauki hoto ki aika mata, ki ce zanenta daidai yake.

Allah ya ba ki sa'a, likita.

Anti Zoraida