Tara Bisa Ashirin: In Mayar da Kaltoumi Damagaram?

Talata. Aikin farko: karɓar siminti a sito.

Na gama, na wanke hannu, na yago wannan takarda daga littafin da nake rubuta al'amuran kullum. Inna Rékia, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni mutumin Damagaram ne, na yi kolej, yanzu ina riƙe da siton wani kamfanin gine-gine a Sabha. Kuɗin fetur ya buɗe aiki a ƙasar nan, shi ya sa bara na ɗauko iyalina muka zauna a unguwar Sukra. 'Yata Kaltoumi, shekararta goma, a gida kullum tana cikin ukun farko a ajinsu. A nan komai da Larabci ake yi, kuma kowane darasi da nasa ma'aunin, wani bisa arba'in, wani bisa talatin. Da aka kawo sakamakon zango na biyu, sai na mayar da kowanne bisa ashirin yadda ake yi mana a lakwal, wato makarantar boko a gida, na haɗa, na raba. Tara ya fito. Na sake, tara. A zamaninmu wanda bai kai goma ba sai ya maimaita aji, in ya sake a kore shi. A zangon farko ma da na yi mata wannan lissafin, shida ya fito. Lissafi tana da sha bakwai, amma tarihi, kimiyya, shifta da insha'i sun ja ta ƙasa. Ko a lissafin, duk tambayar da aka yi ta da labari fili ta bari.

Malaminta Bamisire ne, ya ce tana ƙoƙari, amma ina zargin daɗin baki ne. Lamine direba zai tafi Agadas bayan Sallah, na ce ya tafi da ita daga can a miƙa ta wurin yayata a Damagaram. Uwarta Fatma ba ta yi mini magana sai ta dole. Ita yarinyar ta daina nuna mini littattafanta. Na amince da lissafina, sai dai ban sani ba ko shi ya kamata in yi.

Gobe: ƙirga sauran rodi, gyaran famfon gida, amsar Lamine.

Mai Sito, Sabha

Malam Mai Sito, lissafinka daidai ne, amma makarantar ba da shi take aiki ba. Dokar goma bisa ashirin ta lakwal ce, ka baro ta a gida. Ka je wurin shugaban makarantar ka tambayi makin cin kowane darasi, da waɗanda Kaltoumi ba ta kai ba.

Sannan ka duba darussan nan huɗu da suka ja ta ƙasa. Duk sai an ji Larabci ake amsa su. Abu ɗaya ne aka auna sau huɗu, kai kuma ka ɗora mata laifi huɗu. Ka gwada da kanka: ka ɗauki tambayoyin lissafin da ta tsallake, ka faɗa mata su da Hausa. In ta warware, ka ga inda matsalar take, sai ka nema mata mai ƙara mata Larabci da yamma. Shidan da ka ambata a gurguje shi ne babban labari a wasiƙarka. Yarinyar da ta tashi daga shida zuwa tara cikin zango guda, a harshen da bara ba ta magana da shi, hawa take yi.

Ban ce damuwarka banza ba ce. In niyyarku ku koma gida nan kusa, Faransancinta zai yi sanyi, kuma takardar lakwal za ta yi mata amfani a can. Wannan ka zauna da Fatma ku auna shi bayan jarrabawar ƙarshen shekara. Lamine ya yi tafiyarsa wannan karon. In ma wata rana Kaltoumi za ta koma, kada ta hau mota tana ganin korarta aka yi daga gidan ubanta.

Yau ka kira ta ka gaya mata ka ga sha bakwai ɗin nan. Allah ya yi mata albarka, ya sanyaya zukatanku.

Inna Rékia