Muryar Malam Tana Cikin Kwamfutar

Auta ƙanwata,

Surukata ce ke rubuto miki, ni nake faɗa mata. Ina gaishe ki, ya yara, ya ƙafar taki? Ni lafiyata lau, ci da sha babu abin da na rasa, sai dai raina a ɓace yake.

Kin san kwamfutar ɗan nan naki, wadda ya zuba wa muryar Malam da ya ɗauka a asibiti kafin rasuwarsa. Kullum da safe yake kunna min. To, ta mutu! Na ga ƙura na hawanta, na lulluɓe ta da ƙyallen nan mai kauri da na saƙa wa rediyon Malam. Wai ashe fanka gare ta a ciki, wai na toshe mata hanyar iska, zafi ya dafa ma'ajiyarta. Rediyo ya shekara nawa a lulluɓe, ya taɓa ƙonewa? Da take ta gurnani wa ya gaya min numfashi take nema? Kullum mutanen gidan suna wucewa suna ganin ƙyallen, sai yanzu kowa ya zama malami. Ke 'yar nan, rubuta, kada ki rage komai!

Mai gyara ya ce sai dai addu'a.

Don Allah Auta, ki bi dangi gida-gida, ko wani na da muryar Malam a waya, ko da tari ne. Jiya na so in tuno yadda yake kirana, abin ya ƙi zuwa.

Allah ya yi muku albarka. Ajiye biron, 'yar nan, na gaji.