Jar Wayar da Ke Ƙofar Akurki

Zuwa ga Malam, Baban Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da ke zuwa inda kake, ko da ƙanenka Habu ne da ba ya ƙin saƙo. Amma idan ban rubuta yau ba, cikina fashewa zai yi. Malam, ɗan jirgin saman da ka ƙera ya tashi! Yau da hantsi ya tashi a gonarku ta Ƙofa, na gani da idona, ya kuma sauko lafiya ba ko ɗigon hayaƙi.

Bari in bi a hankali, tunda kullum faɗanka ke nan, wai ina fara labari daga tsakiya.

Gida lafiya lau. Hafsatu tana ɗakinta a Kusada, ta yi ƙiba har ta fara kama da gwaggonta. Gero ya yi kyau bana, an gama kai shi rumbu. Kajina sun yi yawa har maƙwabta sun fara ƙorafi. Ka riƙe maganar kajin nan, za mu dawo kanta.

Wata biyu da suka wuce wanka Yaya Sale ya zo mini da maganar shagonka na gyaran rediyo da ke bakin titi. Ya ce shekara ta kusa zagayowa shago yana kulle, za a ba wani tela, tarkacen ciki kuma 'yan gwangwan su kwashe. Har da jirgin. Ya nuna shi da baki inda ka rataye shi, ya ce, “Wanga abu kau da ya sa aka yi ta yi muna dariya, mi za a yi da shi?” Ban ga laifinsa ba, shi ma abin ya yi masa ciwo. Amma ni sai na ji kamar kai za a ɗora a kan sikeli. Na roƙe shi ya bar mini jirgin zuwa a gama girbi. Idan ban tashe shi ba, ni da kaina zan miƙa shi.

Ka tuna ranar nan ta bara? Ina za ka manta. Shekara biyu kana yanka farin soson kwalin talabijin kana fitar da fukafukai, Habu yana kawo maka kaya ɗaya bayan ɗaya daga Kano. Ranar gwaji mutanen Ƙofa suka cika gona, har daga garin Boko an zo a kan babura. Jirgi ya tashi, ya kai tsayin ɗorawa, sai ga baƙin hayaƙi yana bin bayansa, ya faɗo cikin kara tim. Daga ranar ka zama Malam Mai Hayaƙi. Mutumin da ya tsufa yana gyara wa gari rediyo, ba a taɓa dawo masa da aiki ba! Ka taya su dariya, amma da muka dawo gida ba ka taɓa tuwo ba. Ka ce idonka ne ya ci amanarka, hannu ma ya tsufa. Sati uku bayan nan ciwo ya kwantar da kai, ba ka ƙara tashi ba.

To, ga abin da ban faɗa maka ba. Ba idonka ba ne, Malam. Ni ce.

Ka san jar wayar nan mai laushi da ka ajiye cikin gwangwanin madara, wadda ka ce ita za ta ɗauko wuta daga batir? Lokacin muzuru ya addabe ni, ya cinye mini 'yan tsaki biyar a sati ɗaya, ƙofar akurki ba ta kamawa. Na duba igiya ban samu ba, na ga wayarka, na ɗauka na ɗaure ƙofa da ita. Ranar kasuwa na sayi wata ja mai kauri ɗaya da taka, na naɗe ta yadda kake naɗewa, na mayar cikin gwangwani. A ganina waya ai waya ce.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce rashin sani ne. Amma tun da idonka ya yi rauni ni nake ɓare maka waya in murɗe bakinta in miƙa maka, kai kuma ka liƙa da dalma. Ranar da na ɓare wannan, na ga robar ce ke da kauri, ƙarfen ciki 'yan silili ne da ba su taka kara sun karya ba. Nan na gane ba irin taka ba ce. Na dube ka kana ta murna kana rera waƙarka ta aiki, bakina ya yi nauyi. Na murɗe na miƙa maka. Dalma ta yi ta gardama ba ta son kamawa, kana cewa ƙarfen liƙi ne bai yi zafi ba, ni kuwa na yi gum. Me zan ce? In ce na ba kaji wayar jirgi? Na yi ta cewa gobe zan faɗa, har goben ta ƙare.

Shi ya sa da Yaya Sale ya ba ni dama, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwantar da jirgin, na buɗe cikinsa. Ƙaurin nan yana nan kamar jiya aka yi. Na so in tafi kai tsaye kan wayar, amma na ji muryarka tana cewa mai gyara ba ya yanke hukunci sai ya bi kowa ya tambaye shi. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da inji. Na juya shi da yatsa, yana tafiya sumul. Na shinshina, babu ƙauri a jikinsa. Na ɗauko mitarka na gwada wayoyinsa uku, biyu-biyu kamar yadda kake yi, duk lamba ɗaya suka ba ni. Na ce kai dai ba ruwanka. 'Yan injunan da ke motsa wutsiya da fukafukai su ma lafiyarsu lau. Batir kam tun a bara ya kumbura, Habu ya binne shi. Kwantirola, wato akwatin nan da ke karɓar wuta daga batir ya auna wa inji, ita ta mutu murus, 'yan gangunan nan biyu na bakinta sun fashe. Amma wa ya kashe ta? Sai na bi wayoyi biyun da ke shiga cikinta. Baƙar, wadda take taka ce ta asali, tana nan garau, wuri ɗaya kawai ta ƙone. Jar kuwa ta narke tun daga kai har gindi, ta manne da baƙar daidai bakin kwantirola. Ka ga shari'a ta ƙare. Inji ya nemi wuta da yawa, siririyar waya ta kasa ɗauka ta yi zafi, roba ta narke, ja ta taɓa baƙa.

Duk da haka ban bar ta ba. Na kankare silin da reza, sai jan ya fita, ciki fari fat. Ashe ba ma jan ƙarfe ba ne, shafe aka yi masa. Na kara mata ashana, ta lanƙwashe ta zube kamar toka. Na zauna na yi kuka, na kuma yi dariya, don wallahi daɗi na ji. Liƙinka ko ɗaya bai saki ba, Malam. Na ja su da ƙarfina, suna nan daram. Da idon da ka ce ya ci amanarka ka yi su.

Daga nan na nufi akurki na kwance wayarka, na ɗaure ƙofar da tsumma. Shekara guda tana shan rana da ruwa da kashin kaji, amma da na yanko taki ɗaya na ɓare, ciki sai ƙyalli, silili cunkus. Habu ya kawo sabon batir da kwantirola, yana ta tsokanata wai matar yayansa ta zama injiniya. Na hura gawayi na ɗora ƙarfen liƙinka. Sau huɗu ina ɓatawa, na ƙone yatsa biyu, a na biyar dalma ta kwanta lif tana sheƙi. Na raba ja da baƙa, kowace na sa mata rigarta, yadda ko sun yi zafi ba za su haɗu ba.

Ban manta dokarka ba, gwajin farko babu farfela, wato fankar da ke jan jirgi. Na jona batir, jirgi ya yi 'yar ƙarar gaisuwar nan tasa, tit-tit-tit. Malam, rabona da jin wannan tun kana nan. Sannan muka ɗaura farfela, muka ɗaure jirgin a jikin turmi, Habu ya tura rimot har ƙarshe. Iska ta kwashe shanyata, kaji suka watse, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana salati. Da ya kashe na kai yatsa kan jar wayar. Ko ɗumi ba ta yi ba.

Yau muka tafi Ƙofa. Ban gayyaci kowa ba, amma ka san labari. Mutane sun fi na bara, wasu ma har da sun zo kallon hayaƙi ne. Yaya Sale ya tsaya can gefe ya harɗe hannu. Ni na jona batir da hannuna, Habu ya riƙe rimot tunda tare kuka koya, wani mai ƙarfi ya cilla jirgin. Ya ɗan yi ƙasa kamar zai ci ƙasa, sai ya ɗaga kai. Ya wuce ɗorawa. Ya wuce inda ya faɗi bara. Ya yi ta hawa har ya koma kamar shirwa, ya zagaya gona sau uku, rana tana haska fukafukan da ka yanka. Mata suka ɗauki guɗa, ni ma ban san lokacin da na saki tawa ba, a gaban surukai! Yaya Sale ya cire hula yana bin jirgi da gudu cikin kunyoyin gona, dattijo guda, yana ihu, “Na ƙanena ne! Ku gane shi, aikin ƙanena ne!”

Da ya sauka, ban bari zuciyata ta huce ba, don na san idan na jira wani goben zan sake yin shiru. Na durƙusa gaban Yaya Sale da Habu, mutane suna ji, na faɗi komai: muzuru, akurki, wayar kasuwa, da shirun da na yi. Na ce duk wanda zai ce Mai Hayaƙi, ni zai kira.

Sai Habu ya juya. Ya tafi motarsa ya buɗe aljihun gaba, ya dawo da wata 'yar leda da ta sha rana. Ciki sabuwar jar waya ce mai laushi, irin taka sak. Ya ce kwana biyu bayan faɗuwar jirgi ka kira shi ka ce ya sayo ta, ka kuma hana shi gaya mini. Wai ka shafa ƙonanniyar da yatsa ka gane ba taka ba ce, ka zagaya bayan ɗaki ka taɓa ƙofar akurki ka ji taka. Ya ce ya tambaye ka don me ba za ka yanko daga can ba, ka ce, “In na taɓa ta, za ta san na sani. Bar mata, muzuru ya hi jirgi gaggawa.” Kafin ya kawo, ka kwanta.

Haba Malam. Ashe ka sani? Sati uku ana kiran ka Mai Hayaƙi a bakin titi, kalma ɗaya za ka faɗa ka wanke kanka, ka ƙi? Ni ina ɓoye maka laifina, kai kana ɓoye mini cewa ka gani. Na yi fushi da kai yau, ka ji na faɗa. Da ka yi mini faɗa ko sau ɗaya, da na samu na ce ka yafe mini kana ji. Yanzu sai dai in faɗa wa takarda. Ka yafe mini, Baban Hafsatu.

Yaya Sale ya ce tela ya karɓi shago, amma jirgi ba ya zuwa ko'ina, a ɗakina zai zauna. Wayar da ke cikinsa ba zan canza ta ba, ta riga ta nuna kanta. Sabuwar da ka sayo kuwa, da muka dawo na tarar tsumman da na ɗaure akurki da shi ya kwance, kuma muzurun nan yana nan da ransa. Da ita na ɗaure ƙofar. Na san abin da za ka ce.

Ga la'asar ana kira, zan tashi. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kamar yadda ka yafe mini tun ban roƙa ba, Ya sada mu a gidan da ba a rabuwa.

Taka har kullum,
Maman Hafsatu, mai ɓare maka waya.