Daddawar da Ta Kwana Shida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma akwai dangi masu leƙen shafin nan nawa na intanet, kuma ina so su ji da kunnensu.

Kin san ɗanki. Shekara ashirin ina sayar da kayan yaji a kasuwar Dutse, ba a taɓa kayar da ni a magana ba. To bakin nan da nake ci da shi, da shi na kori ƙanena Habu daga gida.

Ya dawo daga Legas da babbar motarsa ana gab da rufe hanyoyi saboda korona. Kwana tara tsakani kika cika. Ranar sadakar uku, a gaban dangi, na ce shi ya ɗauko miki ajali a mota. Da hanya ta buɗe ya tafi, shekara biyar ke nan sai dai saƙon barka da sallah.

Makon jiya Baba Laraba, maƙwabciyarki ta Yalwawa, ta zo sayen kanumfari. Tana tsokanata wai kayana ba ƙamshi, ta ce da ma mu gidanmu hanci ado ne, ko na manta da daddawar nan?

Inna, na manta. Ke da tun daga zaure kike sanin ƙalwa ta nuna, kwana uku ba ƙari. Cikin sanyin shekarar da kika rasu kika dafa, kika wanke, kika rufe a kwando. Rana ta uku kika shinshina kika ce ba ta tashi ba. Kika kira ni, ni mai hancin kasuwa, na duƙa na ce ko alama. Muka taru muka ci mutuncin mai ƙalwar Kiyawa a bayan idonsa, wai tsohuwa ya sayar mana. Kika ƙara lulluɓa mata buhu. Sai da ta kwana shida maƙwabta suka aiko a duba ko akuya ce ta mutu a bayan ɗaki.

Dariya muka yi muka zubar. Sai yanzu na zauna na jera abin daki-daki. Lokacin kina tari. Ni ma zazzaɓi ya kwantar da ni, layinmu na 'yan yaji rumfuna da dama a rufe, kowa na cewa murar bana ba ta da mutunci. Tun daga nan numfashinki bai koma daidai ba, daga rijiya zuwa madafa sai kin zauna. Duk wannan kafin rediyo ta ce cutar ta shigo ƙasar nan, kuma Habu yana can Legas.

Na tambayi wata ma'aikaciyar asibiti da ke sayen citta a wurina ko korona ce ta ɗauke mana jin wari, tunda an ce alamarta ce. Ta ce mura ma tana toshe hanci, tunda ba a yi gwaji ba babu mai iya rantsuwa. Na ce to ni na rantse a kan ƙanena. Ta dube ni, ta ɗauki cittarta ta tafi.

Ko cutar ta riga labarinta isowa Dutse, Allah ne masani. Amma kasuwa ce, kullum ina musabaha da baƙi daga ko'ina, in dawo in ci tuwo kusa da ke. In ɗaukowa ce, ni na fi kusa da zargi.

Shekaranjiya bayan la'asar na kira shi. Na shirya jawabi irin na masu ciniki, da ya ɗauka duk ya zube, haƙuri kawai na iya ba shi. Sai ya ce: "Yaya, ai ni ma na yarda ni ne. Shi ya sa na kasa zuwa kabarinta."

Juma'a mai zuwa zai iso, Innata. Zai zo da 'yarsa da ya sa wa sunanki, suna kiranta Ummi, ban taɓa ganinta ba. In ya huta, tare za mu zo mu gaishe ki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe min abin da bakina ya aikata, Ya kawo Habu gida lafiya.

Ɗanki,
Sale mai kayan yaji