Umma, Na Je Na Ga Hasken Arewa, Kuma Na Dawo

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rakiya, Allah ya jiƙan ki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Ni ce Safiya, autarki. Daga ɗakina na unguwar Ka'akiyya, nan Makka, nake rubuto miki, ko akwatina ban gama kwancewa ba. Na san wasu ne za su karanta, amma ke nake so in fara faɗa wa.

Umma, na fita daga ƙasar nan. Na je can ƙurewar arewacin duniya, na ga hasken nan da idona, kuma an bar ni na shigo da na dawo.

Kin tuna gidan Larabawan da kike wa aiki a Tandabawi, wanda kike tafiya da ni ina ƙarama? A talabijin ɗinsu na fara ganin sa. Sama baƙa ƙirin, ga wani koren haske yana kaɗawa kamar an shanya mayafi a iska. Na tsaya baki buɗe, na ce miki ƙarya ce ko gaskiya. Kika leƙo, kika daɗe kina kallo, sannan kika ce: "Babu abin da ya gagari Allah. Ɗauki tsintsiyarki."

Na ɗauka. Amma abin bai bar raina ba.

A lokacin, ko Jidda ba ma zuwa sai da fargaba. Kin zo aikin Hajji kika zauna, kika haife ni a nan, ba ki da takarda, ni ma ba ni da ita. Ina tuna mu a Muzdalifa da tulun shayi, alhazai na sauka daga motoci, Turkawa da Indiyawa da mutanen da ban san yarensu ba. Ido ɗaya a kan kofuna, ɗaya a kan hanya, ko motar askar, masu kamen marasa takarda, za ta ɓullo. Kina miƙa shayi kina ce mini: "Duk duniya tana zuwa inda muke, mu kuwa ba ma zuwa ko'ina." Da dariya kike faɗa, amma na san ba dariya ba ce.

Bayan rasuwarki abubuwa sun sauya. An rushe layinmu, muka koma Ka'akiyya ni da ƙanwarki Inna Hure. Aka ba irinmu damar gyara zama, muka yi ta sintiri har muka samu iƙama, wato takardar izinin zama, da fasfo, ni da ita. Ƙunshin da kika koya mini ya zama sana'a, yanzu amare sai sun kama layi. Na auri Bashir, ɗan gidan Malam mai gyaran agogo, yana aiki a otal kusa da Harami. Mutumin kirki ne, da kin so shi.

Sai dai takarda ba ta cire tsoro, Umma. Fasfon ya yi shekaru a ƙasan akwati ban taɓa shi ba. Duk wanda na sani ya hau jirgi daga unguwarmu, kama shi aka yi aka mayar, kuma bai dawo ba. Da Bashir ya ce ya nema mana bizar fita da dawowa, za mu Norway in ga abin da nake damun sa da labarinsa, sai Inna Hure ta yi ta kuka. Ta ce: "Ki bar ƙasar da uwarki ke kwance don ki kalli sama? In suka rufe ƙofa fa?" Na sumbaci kanta na fita.

Garin sunansa Tromso. Sanyin can ba ya misaltuwa, hancina ya daina jin kansa, na saka riga kan riga har Bashir ya ce na zama katifa. Rana ba ta fitowa sam a wannan watan, sai ɗan shuɗin haske da hantsi, kafin la'asar duhu ya rufe. Na rasa yadda zan yi salla. Muka nemi masallacinsu, wani dattijo ɗan Somaliya ya ce mana a irin waɗannan watanni lokacin Makka suke bi. Da ya ji daga inda muke, sai ya riƙe hannun Bashir ya ƙi saki. Ni da na taso ina ɓoye inda nake zaune, ga shi ana girmama ni saboda shi.

Kwanakin farko ba mu ga komai ba. Gajimare da ƙanƙara kawai. Mutane daga ƙasashe daban-daban sun cika otal, kowa da kyamara, kowa fuska a murtuke. Na fara cewa a raina wataƙila Inna Hure ce da gaskiya.

Ana gobe za mu taso, matar da ke tuƙa mu ta ce mu bar bakin teku mu nausa cikin duwatsu, can sama ta fi washewa. A hanya ta yi mana bayani, Bashir na fassara mini. Wai rana ce ke feso wasu ƙananan ƙwayoyi, ƙarfin maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙarshenta, in sun bugi iskar da ke can sama sai ta kama haske. Na ce to, ko ma mene ne, mu dai mu gani.

Bayan isha muka tsaya a bakin wani tafki da ya daskare. Da farko wani fari-fari ne kamar hayaƙi, har na ce ashe abin ke nan. Sai ya yi kore. Sai ya tsage daga wannan dutse zuwa wancan, ya fara zubowa yana naɗewa yana warwarewa, gefensa ja-ja, kuma babu ko ƙara. Wasu na ihu, wasu na tsalle. Ni kuwa kabbara na ji tana fita daga bakina da ƙarfi, irin wadda ban taɓa yi a waje ba, don kullum a hankali kika koya mini magana kada a juyo a dube mu. Na durƙusa a kan ƙanƙara na yi sujada. Hawayena suka daskare a gashin ido. Na kira sunanki, na ce Umma gaskiya ne.

Duk da haka, babban abin yana gaba. Da jirgi ya sauka Jidda, na shiga layi. Jami'in ya dubi fasfo, ya dube ni, ya buga hatimi, ya yi mini barka da sauka, ya ce: "Hamdillah alas salama." Shi ke nan. Na wuce. Na nemi kujera na zauna ina dariya ina kuka, har wata mai shara ta kawo mini ruwa.

Jiya matan layinmu suka cika falo, waya na yawo daga hannu zuwa hannu ana kallon hotunan hasken, ana gardama ko fenti ne. Sai da kowa ya watse Inna Hure ta jawo ni kusa, ta ce: "Ashe ana dawowa." Sannan ta ce tana so ta ga Ringim, garinku na asali, ta ga ko yayanku yana gane ta. Ban taɓa jin ta ambaci garin da bakinta ba. Bayan Sallah zan kai ta, in sha Allahu, kuma da ni za ta dawo.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya saka miki da Aljanna a kan kowace wahala da kika sha domina. Allah ya sada mu a inda babu rabuwa.

Taki har abada,
Safiya